Yadda Katifar Malam Ilu Ta Rame

Ku matso ku ji abin da ya faru a gidan Malam Ilu mai taki, na nan Bakori. Kada wani ya ce na tona masa asiri. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko a gaban idonsa sai na faɗa, in ya ji haushi ya kai ni ƙara.

Matarsa Barira gwanar saƙa ce, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Hular sanyi, safar jarirai, rigar sanyi mai ado a ƙirji, duk unguwar in an yi haihuwa wurinta ake zuwa. Kibiyoyin saƙa ba sa barin hannunta, tana hira tana saƙa, tana faɗa da jikoki tana saƙa. To, ana zaune ƙalau sai ta je biki Zariya, ta ga wata mata da keken kaɗi. Wani kafinta ne ya haɗa shi da katako da ƙafar keke guda, kana taka feda ƙafar tana juyawa, zare yana naɗuwa. Shi ke nan, Barira ta ga abin duniya! Ta dawo ta ce ita ta gaji da zaren ulu na kanti, daga yanzu da hannunta za ta kaɗa zarenta, kamar yadda kakarta take yi da mazari. Ba ta yi shawara da kowa ba ta sayar da tunkiyarta, aka ɗoro mata keke a saman mota.

Ranar da aka sauke shi a tsakar gida, Malam Ilu ya zagaya shi yana shafa gemu.

Ya ce, "Barira, shi wannan keken ina yake zuwa?"

Ta ce, "Ba ya zuwa ko'ina, Malam. Kaɗi ake yi da shi."

Ya ce, "To, madalla. Kin sayar da mai ƙafa huɗu kin sayo mai ƙafa ɗaya. In dai kin fitar da zaren da zai ɗaure bakin buhun taki, ki kira ni in gani."

Ai kuwa maganar ta soke ta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi, Malam, sanyin bana ba zai shigo ba sai ka sa rigar da na kaɗa zarenta da hannuna."

Ya ce Allah ya kai mu, ya sa takalmi ya tafi shago yana dariya.

Kun san koyo ba daɗi. Ta taka feda, keke ya juya baya. Ta gyara ƙafa, hannu ya manta aikinsa. Zaren da ke fita kuwa, wani wuri kamar igiyar guga, wani wuri siriri har ya tsinke da kansa. 'Yar audugar da ta sayo, rabi ta dunƙule, rabi iska ta kwashe, kaji suna bi suna tsammanin abinci ne. Kafin hannunta ya faɗa, auduga ta ƙare ƙaf. Ga shi tsakiyar damina, ta gona ko fure ba ta yi ba, ta bara kuma tuni 'yan kasuwa sun kwashe. Ta aika nan, ta aika can, babu. Ta roƙi Malam ya sa a nemo mata daga Funtuwa, ya ce shi taki yake sayarwa, bai san hanyar auduga ba.

Yanzu bari in gaya muku zancen katifa. Malam Ilu yana da wata katifa a turakarsa, auduga ce zalla, daga noman ƙarshe da marigayi mahaifinsa ya yi aka ɗinka ta. In kana son ganin ɓacin ransa, ka zauna a bakinta. Babban ɗansa ya taɓa sayo masa ta soso mai tsada, ya ce a mayar, soso na wanke-wanke ne. Da rani shi da kansa yake fitar da ita rana, yana bugunta da sanda a hankali kamar mai lallashi. Amma da damina ba a shanya katifa, tana nan kwance a kan gadon ƙarfe, ba mai ɗaga ta. Barira ta san da haka.

Wata hantsi, Malam ya fita shago, ta shiga share masa ɗaki. Ta tsaya ta dubi katifa, ta dubi ƙofa. Daga baya ita da bakinta ta gaya wa matata cewa ranar cikin hannu ɗaya kawai ta yi niyyar ɗiba, don ta gwada. Ta farke ɗinkin gefen da ke jikin bango, ta zura hannu, ta jawo, ta mayar ta ɗinke. Da ta shiɓe audugar ta ɗora a keke, wayyo, sai zare ya riƙa fita sumul, kamar dama ita keken yake jira. To, kun san hannu in ya saba. Gobe cikin hannu biyu, jibi cikin ƙwarya. Keke na ta kuka a tsakar gida, ƙullin zare na ƙaruwa, Malam in ya dawo ya tambaya ina aka samo auduga, sai ta ce, "Allah ne ya rufa asiri, Malam."

Ba a daɗe ba sai ga mutuminku yana zuwa majalisa dafe da ƙugu. Kafin ya zauna sai ya yi salati, kafin ya tashi sai an miƙa masa hannu. Kun san majalisarmu ba a rasa likitoci. Wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce ɗaukar buhu ne, sauran duk suka haɗu a kan basir. Ya sha jiƙo mai ɗaci har ya daina jin ɗanɗanon miya. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho, bayansa ya koma kamar kaskon masa. Duk a banza.

Ya ce mini, "Ni fa abin da ke ba ni mamaki, in na kwanta sai in ji ƙarfen gado yana ƙirga mini haƙarƙari."

Na ce, "Ai ramewa ka yi, tsoho."

Barira kuwa, Allah ya shirye ta, ita ce mai shafa masa man zafi. Tana shafawa tana cewa, "Sannu, Malam. Girma ne ya zo, sai haƙuri."

Ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara leƙowa, sai ga riga ta kammala. Jama'a, riga ce! Kauri kamar bargo, nauyi kuwa in ka rataya ta a ƙusa sai ka tausaya wa ƙusar. Da yake ta cika murɗa zaren, rigar ba ta tsayawa daidai a jiki, kullum tana karkata hagu, wuyanta na neman kunne. Amma fa akwai ɗumi. Malam Ilu, a ba shi gaskiyarsa, ya janye maganarsa. Ya sa riga ya fito majalisa yana buɗa kafaɗa, duk wanda ya zo sai ya ce ya taɓa ya ji, aikin gida ne tun daga zare.

Abu ɗaya ne kawai. Da zarar ya sa ta ya jingina da bango, sai gyangyaɗi. Ana tsakiyar hira sai mu ji minshari. Har a shago mai sayen taki sai ya yi sallama ya sake kafin ya farka.

Ya ce mana, "Ni ban san abin da ke tsakanina da rigar nan ba. Ina sa ta sai in ji kamar mun daɗe da sanin juna."

To, rana dubu ta ɓarawo. Wata safiya rana ta fito tarwai, ya aiko a kira ni in kama masa katifa a fitar da ita shanya, tunda bayansa ba ya ɗaukar nauyi. Na je na same shi sanye da rigar. Ya kama can, na kama nan, muka tattara ƙarfi irin na da, ya ce bismilla. Muna yunƙurawa sai katifa ta tashi sama fil kamar tabarma, saura kaɗan mu zube ta baya.

Muka fito da ita tsakar gida muka shimfiɗa. Wallahi abin tausayi, ta zama kamar fanken da bai tashi ba. Malam ya durƙusa yana lallatsa ta.

Ya ce, "Ɓeraye! Ɓeraye sun gama da ni!"

Na juya gefen da ke jikin bango ina neman ramin ɓera. Babu rami. Sai wani ɗinki tsaf, an jera shi da kyau, da wani farin zare mai kauri nan, siriri can, wanda duk faɗin Bakori gida ɗaya ake kaɗa irinsa. Ashe gwanar, saboda zumuɗin zarenta, da shi take mayar da ɗinkin.

Na ce, "Kai, Malam, ɓeran gidanka ya iya allura."

Ya dubi ɗinkin. Ya dubi hannun rigarsa. Ya kara su wuri ɗaya. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, har na fara jin tausayinsa da gaske, don na san abin da katifar nan take a zuciyarsa. Can ya ɗaga murya.

"Barira!"

Ta fito daga madafa tana goge hannu da gefen zani. Ta ga katifa, ta ga fuskarsa, ta gan ni ina danne dariya. Ko gezau.

Ya ce, "Ina audugar mahaifina?"

Ta ce, "Tana nan, Malam. Ko ƙwaya ba ta bar gidan nan ba."

"Tana ina?"

"Ga ta nan a jikinka."

Ya miƙe tsaye, ya ma manta da ciwon baya. Ya ce, "La'ilaha illallahu! Na sha jiƙo, na sha ƙaho, an yi mini sharrin basir a bainar jama'a, kina kallo! Ashe katifata kika saƙa kika ɗora mini, nake yawo da ita cikin gari, ga uban nauyi kamar na saɓa buhu!"

Barira ta gyara ɗaurin kallabi, ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Haba, Malam! Tun gemunka yana baƙi take ɗauke da kai, ba ta taɓa cewa uffan ba. Kai daga ɗaukarta sanyi ɗaya har ka fara tara mana jama'a?"