Ranar da Motata Ta Yi wa Gawa Kiɗan Ango

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba, ko da na so mantawa ma 'yan unguwarmu a Umdurman ba za su bar ni ba. Amma tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, ni ma yau zan ba da nawa.

Ni malamin lissafi ne a firamare, ba makanike ba. Shekaru kaɗan kafin yaƙin nan, na gaji wata tsohuwar boksi daga kawuna (boksi ita ce motar a-kori-kura a bakinmu na Sudan). Duk damina unguwarmu takan koma tafki, motoci su maƙale tun daga bakin kwalta, mutane su tattare jallabiya su shiga taɓo. Sai na yi rantsuwa cewa motar nan sai na mayar da ita abin da laka ba ta isa ta tsayar ba, kuma da hannuna, a tsakar gidana.

Wata bakwai ina abu ɗaya. Ina tashi daga makaranta sai ƙarƙashin mota, wayar hannu a gefe tana nuna min yadda ake yi. Na ƙara mata sifirin ta yi tsawo, na sa mata manyan tayoyi masu haƙora, na ɗaga mata bututun shan iska har saman gilashi, na sa aka walda mata bamba kamar ƙofar kurkuku. Matata Hajara ta daina shanya a tsakar gida saboda baƙin mai. Maƙwabcina Usta Bashir, wanda shi makaniken gaske ne, yakan leƙo ta katanga ya ce, "Ya Ustaz, ka bar min wayoyin wutar nan kawai, sauran ka yi wasanka." Ni kuwa na ce masa wanda ya koyar da lissafi shekara goma sha biyu ba waya ja da baƙa ce za ta gagare shi ba. (Duk ja na saya ma, naɗi guda, don ta fi sauƙi.)

Abu na ƙarshe da na ɗaura shi ne oda. Ba irin mai "pip" ɗin nan ba. A Kasuwar Libiya na samo ta, mai ƙaho biyar, irin ta manyan bas, wadda in ka taɓa ta sai ta rangaɗa kiɗan rakiyar ango daga farko har ƙarshe. Na haɗa ta ranar Alhamis da yamma, na danna maɓalli, ta amsa, kaji suka watse. Na ce kalas, aiki ya kammala.

Washegari aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kuma wayi gari da rasuwar Baba Idirisu mai agashe, dattijon da duk wanda ya girma a layinmu ya ci naman hannunsa. Aka yi masa wanka, aka yi salla, sai aka tsaya cirko-cirko. Maƙabarta na da nisa, hanya ta zama kunu, motoci biyu da aka kira sun nutse tun kafin su iso. Ina tsaye sai na ga Haruna, babban ɗan mamacin, ya nufo ni, idonsa jawur. Ya ce, "Ustaz, motarka za ta iya?"

Allah ya gafarta min, a gidan makoki nake amma sai da kaina ya kumbura. Mutanen da suka yi wata bakwai suna kiran motata raƙumi, yau ga su suna jiran raƙumi. Na ce, "Za ta iya."

Na fito da ita a hankali, laka da kanta take tsayar da mota, ban ko taɓa birki ba. Aka ɗora gawa a kan angarib, gadon igiyar nan, mutum takwas suka hau baya suna riƙe da shi, har da Haruna da Usta Bashir. Liman, Malam Sale, ya zauna gaba kusa da ni da carbinsa. Muka kama hanya. Motar nan ta riƙa keta taɓo kamar wuƙa a cikin kabewa, ina satar kallon Malam ko zai yaba.

A kwanar gidan burodi wani mai amalanken jaki ya gitta. Na taka birki.

Kiɗa ya tashi.

Ba ƙaramin kiɗa ba, duk ƙahon biyar. Na ɗage ƙafa, ya ɗauke. Malam ya dakata da jan carbi ya ce, "Ustaz, mene ne wannan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina jin wata raksha ce a bayanmu." (Raksha ita ce keken hayar nan mai ƙafa uku.)

Ya waiwaya, ya dawo da kansa. "Raksha, a cikin wannan taɓo?"

A nan lissafin ya zo min. Na ɗauko wa odar wuta daga wayar fitilar birki. Jiya maɓalli kawai na gwada, ban taka komai ba. Mai hankali zai tsaya ya kira Usta Bashir ya cire abin. Amma in na tsaya a nan mota za ta zauna a laka, kuma, gaskiya ɗaya ce, ban shirya kiran sunan Bashir a gaban jama'a ba. Sai na yanke shawara irin ta masu taurin kai: zan kai Baba Idirisu maƙabarta ba tare da na sake taka birki ba.

Na yi ƙoƙari, wallahi. Da giya nake rage gudu, ina zufa, ina kauce wa awaki. Malam ya koma karanta addu'ar tafiya da ƙarfi. Har muka iso gangaren da ke sauka cikin kwari kafin maƙabarta, mota ta fara sulalewa, na ji ana dukan rufi ana cewa, "Gadon yana zamewa! Tsaya, ya zol!" (Zol shi ne mutum a bakinmu.) Zaɓi biyu ne: ko kiɗa, ko gawa a ƙasa. Na runtse ido na danne birki, na kuma riƙe shi, don in na saki mun tafi.

Odar ta samu abin da take so. Ta yi waƙar nan tun daga farko, ta kai ƙarshe, ta sake ɗaukowa. Sai wasu mata a gidan bakin gangaren suka fito da gudu suna gyara mayafi, ɗaya ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Guɗa ta yi nisa kafin idonsu ya sauka kan likkafani. Ban taɓa jin sauti ya mutu a maƙogwaro irin wannan ba. Ɗaya ta dafe ƙirji tana salati, suka koma ciki suna tuntuɓe da juna.

Usta Bashir ya diro cikin laka har gwiwa, ya buɗe gaban mota, ya tarar da wayoyi goma duk jajaye. Ya dube su, ya dube ni ta gilashi, ya kama duka ya fizge. Aka yi shiru, irin shirun da har numfashin Haruna nake ji.

Mun kai Baba Idirisu. An rufe shi kafin azahar, a kan lokaci. Wannan ina so a riƙa haɗawa da shi in ana ba da labarin.

Hajara ta ce kada in je zaman makoki, in ce zazzaɓi nake. Na ce ƙafata ƙafar kowa. Na sa farar jallabiya na je na zauna a sahun gaba kwana uku cur, ana miƙo shayi ina karɓa, samari na toshe baki da rawani. A rana ta uku na samu Haruna shi kaɗai na ba shi haƙuri. Ya ce, "Kai da ka kai mahaifina, na gode. Kai da ka sa aka yi masa guɗa kuma, ka ba ni lokaci." Ya ɗauki lokacin nasa kuwa, sai da Babbar Salla ya sake amsa sallamata da fara'a.

Tun ranar sunana ya koma Angon Maƙabarta, har ɗalibaina sun sani. In an kira ni da shi amsawa nake. An ce in sayar da motar, na ƙi. An ce aƙalla in jefar da odar, ita ma na ƙi. Na dai ɗauki farantin shayi na tsallaka gidan Usta Bashir na ce ya nuna min yadda ake haɗa ta, ya nuna min yana dariya har da hawaye, ni kuma na haɗa da hannuna.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Ban koyi barin taurin kai ba, wannan a jinina yake. Na dai koyi cewa duk abin da ka ƙera da kanka, ka fita da shi bayan gari ka taka duk abin takawa, ka danna duk abin dannawa, inda babu mai shaida sai awaki. Su ko sun ji, ba sa guɗa.