Masoron Ɗanliti

Wani makaniken babur ne a layinmu, Ɗanliti, matarsa Saude ta yi haihuwar fari. Washegarin suna sai ga kakarta, Iya Yalwa, ta ɗaure kaya ta ce za ta wuce da ita ƙauye wankan jego, sai an yi arba'in ta dawo. Shi kuwa gogan ko kaɗan ba ya son a raba shi da matarsa da jaririyarsa. Ya durƙusa ya yi ta magiya a bar su, ya ce a samu maƙociya ta riƙa yin wankan, girki kuwa shi zai ɗauka.

Iya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai angona, ruwan zafi ma ka iya dafawa?"

Ya bugi ƙirji ya ce, "Iya, faɗi miyar da kike so."

Ta ce, "Ga sauran tuwon shinkafa nan. Yi mini miyar wake. In ta ciwu, na bar maka matarka."

Ɗanliti ya faɗa kicin kamar an kawo masa gyaran gaggawa. Babu surfe, babu tsinta. Ya ɗauraye wake sama-sama ya watsa a tukunya, ya danƙara kanwa, ya bi da manja, daddawa, attaruhu da kan busasshen kifi, ya ƙure wutar risho. Da ya buɗe sai ya ga abu tsululu, wake na gefe, ruwa na gefe, ba sa ko gaisawa. Ya sauke, ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya hango wani tsohon gwangwani na garin wake a bayan kantar kicin, wanda rabon da a buɗe shi tun Saude na laulayi. Ya juye shi kaf, ya burga, miya ta yi kauri. Ko mayar da ita kan wuta bai yi ba, ya zuba a kwano ya kai gaban Iya yana washe baki.

"Har ka gama?"

"Ai ni ba na wasa da aiki, Iya. Mata ne ke ja wa miyar nan rai."

Saude na daga bakin gado tana ta addu'a a zuci. Iya ta wanke hannu, ta gutsuri tuwo, ta kai shi bakin kwano, sai ta tsaya. Ta matso da kwanon wajen haske ta ƙura ido.

"Wannan baƙi-baƙin da ke yawo a sama fa?"

Ɗanliti ya dake. "Masoro ne, Iya. Saboda mai jego na sa, yana gyara ciki."

Iya ta mayar da lomarta ta ajiye, ta ce, "To maza kawo murfi, angona. Masoron naka ya fara hawa bakin kwano zai gudu."