Rasuwar Bessie, Wadda Ta Yi Hayaƙi Sau Ɗaya a Rayuwarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai rabu da ƙauri ba, Norman Entwistle na garin Helmshaw yana sanar da dangi, maƙwabta da ɗaukacin 'yan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa rasuwar abar ƙaunarsa Bessie, baƙin kan jirgi wanda tsawonsa bai fi tafin hannu da 'yan kai ba. Ta cika ranar Lahadi bayan abincin rana, a ɗakin katakon da ke bayan gida, a kan gadar kwali, bayan ta daɗe tana jinya. Ta rasu a bakin aiki, da taraganta a baya.

Marigayiya ta shigo gidan Entwistle tun gashin Norman yana baƙi. Wanda ya kawo ta surukinsa ne, Wilf Hargreaves, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa manyan irinta kwal a zamanin da tururi ke jan jirgi. Ranar da ya miƙa masa ita cewa ya yi, "Ungo, yaro. Tunda ba ka iya riƙe shebur ba, ga wadda ba ta cin kwal." Norman ya haura sittin yanzu, amma har gobe yaro ne a bakin Wilf.

Duk wanda ya san Bessie zai shaide ta da haƙuri. Tasha ɗaya ta yi ta zagayawa tsawon rayuwarta, ba ta taɓa tambayar ina aka nufa ba. Ta ɗauki fasinjojin roba waɗanda ba su taɓa sauka ba, ba ta yi ƙorafi ba. Ta jure kyanwar gidan, wadda takan kwanta a bakin ramin dutsen da jirgin ke ratsawa kamar ita ta haƙa shi. Sai dai ba a yi wa mamaci ƙarya: tafiyarta ba ta da kyau. Tana tafe tana sarƙewa, ta yi gaba kaɗan ta tsaya tana tunani, sai an bugi teburin da layin dogon ke kai da gwiwa sannan ta tuna abin da ya fito da ita. Norman ya yi shekaru yana ɗora wa layin dogo laifi. Ya goge shi har yana iya duba fuskarsa a jiki, amma Bessie ba ta canja hali ba.

Kowace Lahadi Glenys, matar Norman, takan ɗauko mahaifinta, ta zaunar da shi a kujerarsa kusa da taga, ta ba shi shayi mai kauri. Daga nan Wilf zai kalli Bessie tana zagayawa shiru, ya yi ta gyara wa Norman tuƙi. Bai taɓa kiranta jirgi ba. "Abin da ba ya numfashi, kayan wasa ne," haka yake faɗa, yana faɗa kuma idonsa na biye da ita. Norman yakan yi ƙunƙuni, amma duk mako wannan faɗan yake jira.

A hunturun da ya wuce idanun Wilf suka dushe. Ya haura casa'in, likita ya ce sai haƙuri. Yakan zauna fuskarsa na kallon wajen da babu komai, can ya tambaya, "Ta wuce ne?" alhali ta wuce tun ɗazu. Daga baya ya ce wa 'yarsa ta daina wahalar da kanta ranar Lahadi, tunda zaman kallon abin da ba ya gani ba shi da amfani. Wannan magana ta daki Norman ƙwarai. Ya tsaya a ɗakin katako yana kallon kujerar nan babu kowa a kanta, ya ƙudura cewa in dai Wilf ba zai ga Bessie ba, to lallai zai ji ta.

Daga nan jinyar ƙarshe ta fara. Norman ya kai maganar dikodar sauti, 'yar na'urar da ke sa ƙaramin jirgi ya yi ƙarar na gaske, gaban ƙungiya, ƙungiya kuwa ta rabu gida-gida kamar yadda ta saba a kan duk abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Desmond Pilling, wanda ya fi kowa daɗewa a harkar, ya juya Bessie a hannu ya ce, "Haba Norman! Tsohuwar nan injinta zuƙar wutar lantarki yake kamar me. Ka fara wanke mata ƙafafu tukuna. Sannan ka sa mata dikoda mai jure nauyi, da ɗan abin nan mai ajiye wuta, in ta sarƙe ya tura ta gaba. Murya ba ta maganin gurguntaka, ka dai ji na faɗa maka."

Shawara ce mai kyau, sai dai taragon kwal na Bessie, inda za a cusa kayan, bai fi kwalin ashana ba. Ko dai a sa abin da Desmond ya lissafa tare da 'yar mitsitsiyar lasifika, ko a sa babbar lasifika da dikoda mafi ƙanƙanta. Kunnen Wilf kuwa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Norman ya zaɓi babbar lasifika. Kowa a ƙungiyar ya ce kuskure ne, kuma kuskuren ne, amma ba don kunnen 'yan ƙungiya ya saya ba.

A kwanakinta na ƙarshe marigayiya ta yi magana fiye da yadda ta yi duk rayuwarta. Duk sanda ta sarƙe sai muryar ta ɗauke, ta sake farawa daga farko, fsss, caf, caf, kamar wadda aka tasa daga barci. Glenys ta leƙo daga kicin ta tambayi wane ne yake tari a bayan gida.

Ranar Lahadi da ƙyar aka lallaɓo Wilf, yana ta mita cewa an raba shi da rediyonsa. Aka zaunar da shi, aka ba shi shayi. Norman ya murɗa wuta. Bessie ta ja numfashi, fsss, ta ce caf, ta ce caf, sannan ta kama caf-caf-caf, ta saki usur, fiiiu, har kyanwa ta bar bakin rami a guje. Wilf ya ajiye kofinsa, kansa ya juya yana bin sautin daga tasha zuwa kwana.

A kan hawan da ke kafin gada ciwon ya motsa. Caf. Shiru. Caf. Ta tsaya tana nishi. Duk ɗan ƙungiya ya san ƙa'ida: in tsohon inji ya cije, a kashe wuta nan take, in ba haka ba dikoda ta ƙone. Norman ya kai hannu zai kashe, sai Wilf ya daka masa tsawar da rabon a ji irinta daga bakinsa tun yana bakin aiki.

"Kada ka rufe mata, yaro! Santsi ne! Zuba mata yashi, ka buɗe mata, za ta hau!"

Ya riƙe hannun kujera, ya karkato gaba, ƙafarsa ɗaya ta dafe ƙasa. Norman ya dubi Bessie, ya dubi tsohon. Ya san abin da zai biyo baya sarai. Ya ƙara wuta.

Ta kuwa hau. Da tari da tangaɗi ta ja taraganta har tsakiyar gada, ta yi usur na ƙarshe wanda ya shaƙe a rabi, sai wani siririn hayaƙi ya taso daga jikinta, na gaske, na farko kuma na ƙarshe. Wilf ya ɗaga hanci ya shaƙa, fuskarsa ta washe.

"Ka ji ko? Haka suke wari in sun ci hawa. Yauwa, yaro. Wannan jirgi ne."

Norman ya san warin ƙonanniyar waya ne, da na injin da ba zai sake juyawa ba. Bai gyara masa ba. Ya juya baya ya share ido, ya ce hayaƙin ne ya shigar masa.

Marigayiya ta bar taragai masu yawa, da fasinjojin da har yanzu suke zaune a kan gada suna jiran a ci gaba da tafiya. Ta bar ƙanwarta, wani kan jirgi mai sheƙi da ba ya sarƙewa, wanda saboda haka babu mai ƙaunarsa. Ta bar lasifika cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar Desmond Pilling, wanda tun ranar yake riƙe da "ai na faɗa" a bakinsa, ana kuma roƙonsa ya ci gaba da riƙewa har a watse daga zaman makoki.

Za a karɓi ta'aziyya ranar Asabar da yamma a zauren ƙungiya da ke bayan coci. Akwai shayi da kek ɗin Glenys, kowa ya zo da kofinsa. Ba a buƙatar furanni, haka ma shawara. Bisa al'ada, kan jirgin da ya mutu shafa masa fentin tsatsa ake yi, a ajiye shi a ƙarshen layi cikin ciyawar roba. Wilf ya hana. Za a kwantar da Bessie a kan tagar ɗakin katako, daidai inda hannunsa zai kai daga kujerarsa, domin ya sanar cewa zai riƙa zuwa duk Lahadi ya koya wa yaron nan tuƙi. Iyalan suna roƙon masu zuwa ganin gawa abu ɗaya: kada kowa ya goge ta, don har yanzu da sauran warin hawa a jikinta.