Tokar Dakta a Gidan Fasto

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashe aikin wata takwas na Dakta Rahila, na kai gida don a goge tukwane ba.

Shara nake yi a ɗakin binciken kemistiri na wata makaranta a nan Kafanchan. Ban yi boko ba. Na yi dako a tashar jirgin ƙasa, na ga rikici, na binne nawa, ban girgiza ba. Sai ga toka ta girgiza ni.

Ran Talata ina shara na ga toka a faranti kusa da taga, mai laushi, ta ɗan yi kore-kore. A ƙauyenmu ba a zubar da toka mai kyau. Na juye a leda, na ƙulle, na sa a aljihu, na wanke farantin tas (har ina yaba wa kaina tsabta). Da na je gida na manta da ita a wando.

Washegari na tarar da Dakta zaune a ƙasa, ɗalibanta sun zazzage kwandon shara suna tonawa. A nan na ji labari. Ƙaiƙayin shinkafa ta ƙona, ta jiƙa da ruwan tagulla, ta sake ƙonawa. Katalis ake kiransa. Wai in an dafa man citta, sinadarai da yawa ke fitowa a cakuɗe, amma in an sa garin nan sai wanda ake so kaɗai ya fito. Ran Jumma'a farfesanta zai zo ganin gwaji. In babu garin, sai baɗi.

Ta ɗago kai. "Baba, ka ga wani gari a farantin nan?"

Ba wanda ya gan ni. Amma ita ce ta tsaya mini aka ɗauke ni aiki.

"Yana gidana, Dakta. Na ɗauka na goge tukunya ne."

Wani ɗalibi ya fita da gudu. Ina jin dariyarsa ta bango.

Muka shiga motarta. Matata, Maman Ladi, tana ƙofar gida, hannu a ƙugu. "Shekara talatin muna zuwa majami'a tare, ashe wurin boka kake bi? Na ga ƙullin a wandonka. Yana wurin Fasto."

A gidan Fasto muka sami dattawan ikilisiya uku a gindin mangwaro, leda a tsakiyar tebur, ba mai taɓawa. Sun gama addu'a ke nan, saura a jefa ta a wuta. Ni da nake zagayawa da kwanon baiko ran Lahadi, ga ni tsaye kamar ɓarawon akuya.

Dattijo Bulus ya ce, "Faɗi gaskiya, wa za ka yi wa?"

Na ce, "Tukwane."

Dakta ta kwance ledar a hankali, ta duba, ta ga ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Sai ta zauna a benci ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce.

Fasto ya ce, "Mun so mu ƙona shi, Madam."

Ta ce, "Na riga ku, Fasto. Sau biyu."

Ran Jumma'a gwaji ya yi kyau. Ba ta kai ƙarata ofis ba, sai dai ta sa wani ɗalibi ya zaga da ni ya nuna mini abin da ba a taɓawa, ya zamana kusan komai ne. Maman Ladi kuwa ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ce laifina ne, mai hankali ba ya ƙulle toka a aljihu.

Ina nan ina sharata, albashi na shiga. A majami'a Farfesa suke kirana. Yanzu ko mataccen ƙuda na gani a kan teburin nan, sai na tambaya ko na wani ne.