Hammatar Ra'is

A duk faɗin Umdurman babu mai ƙaunar adalci kamar Ustaz Jibrin Nagoggo, mai sayar da tayoyin raksha, wato babur mai ƙafa uku, shugaban gasar zari-ruga ta yara. Bai taɓa riƙe ƙwallon ba, yana cewa kamarsa da kankana ta yi yawa. Amma Allah ya ba shi murya da rawani, mu kuwa 'yan kwamiti Allah ya ba mu tafi. Muna kiransa Ra'is, wato shugaba, a gabansa, Mizani a bayansa, kuma ya fi son na biyun.

Matsalar gasar ɗaya ce. Wasan na ture da kayarwa ne, idan ƙato ya faɗa wa ƙarami sai asibiti. Iyaye mata sun ƙi tun farko. Hajiya Sittana, wadda jikokinta uku ke cikin 'yan wasanmu, ta yi magana da bakinsu duka: ranar da aka haɗa musu 'ya'ya da waɗanda suka fi ƙarfinsu, ranar ƙungiya ta mutu. Shekaru kuwa ba abin dogara ba ne, kowane koci yaronsa jiya aka yaye shi.

Ra'is ya yi mako yana tunani, ya fito da maganin da ko Turawa ba su gano ba. Zai miƙe hannunsa, duk yaron da ya wuce ta ƙarƙashin hammatarsa ba tare da ya sunkuya ba, ƙarami ne. "Takarda tana ƙarya, ya jama'a," in ji shi, "amma jikina ba ya ƙarya." Muka tafa. Ra'is gajere ne, abin da ba a faɗa a kwamiti. A filin unguwa ya auna namu, ƙafarsa a ƙasa, ya kori duk mai ɗan ƙashi a jiki. Aka bar mana 'yan firit, masu gudu da kyau da saurin kuka.

Ranar gasa baƙi suka tsallako kogi daga Khartum, shugabansu dogo kamar falwaya. Mun riga mun hango wannan abin kunya, don haka muka jera akwatunan lemo, muka rufa darduma, muka ɗora Ra'is a kai. Ni da hannuna na ɗauko akwati na sama. Ya yi jawabi a kan adalci tun daga zamanin kakanninmu da suka taso daga Kano da ƙafa, har rana ta take. Da lokacin awo ya yi, wani ya raɗa masa ya sauko. Ya dubi dogon nan, ya dubi ƙasa, ya ce mizani ba ya zuwa wurin kaya, kaya ke zuwa wurinsa.

Haka 'yan Khartum suka yi ta wucewa ƙarƙashin hammata mai albarka. Wani da gashin baki, wani ya ajiye makullin rakshar da ya tuƙo kafin ya shiga layi. Duk muna gani. Na ji kunya har cikin raina, amma da na ga na kusa da ni yana tafi, sai na taya shi.

Ba a daɗe da busa usur ba mai gashin bakin ya zauna a kan ƙaramin jikan Sittana. Hajiya ta miƙe. Ta ratsa tsakiyar fili, ta ɗaga yaron, ta kakkaɓe shi, sauran matan suka bi bayanta kowacce da nata a hannu. Da ta zo daidai akwatunan ta ɗaga kai ta ce, "Halas, ya isa haka, ya Ustaz. Ka sauko a hankali, kada kai ma ka karye."

Bai sauko ba sai da fili ya watse. Ba a sake ba mu yaro ko ɗaya ba. Kwamiti dai yana nan, muna zama duk wata muna shan shayi. A zaman ƙarshe Ra'is ya sanar da cewa tun daga ranar ba a sake zaluntar yaro ko ɗaya a gasarsa ba, muka sake zaɓensa babu hamayya.