Kapenta Ta Cika a Ƙarƙashin Mangwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙararsa, Ba Wedson Simukonda na garin Mpika (a nan "Ba" laƙabin girmamawa ne, kamar Malam ko Malama), tsohon direban tirela a hanyar Dar es Salaam, yana sanar da 'yan uwa da abokan sitiyari rasuwar ƙaramar motarsa, Kapenta. Ta cika a ƙarƙashin mangwaron bayan gidansa, ba kowa a kanta.

An haɗa marigayiya a masana'antar motoci ta Livingstone a 1976, shekarar da aka miƙa layin dogon TAZARA ga ƙasashe biyun da ya haɗa. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wani limamin coci, sannan ta shigo gidan Simukonda a watan Disamba na 1991, bayan zaɓen da ya dawo da jam'iyyu da yawa. Matarsa, marigayiya Ba Eneless, ce ta raɗa mata suna. Ta zagaya ta sau ɗaya, ta ga 'yar mitsitsiya ce mai launin azurfa, ta ce wannan ba mota ba ce, kapenta ce, ɗan mitsitsin kifin nan, loma ɗaya da tuwon nshima ta ƙare.

Marigayiya Kapenta mai haƙuri ce, mai ƙanƙantar ciki wajen shan mai. Kowace safiya takan yi tari biyu, kir-kir-kir, kir-kir-kir, sannan ta ce tuf, ta kama. Hon ɗinta kuwa kukan ɗan akuya ne, ba ya tsorata ko kaza. Ita ta kai 'yarsu Lwiza coci ranar aurenta. Ita ta kai Ba Eneless asibitin Chilonga, ita ta dawo da kujerar gefe babu kowa. Tun daga nan, duk Lahadin da ta riski Simukonda a gida, su biyu suke tafiya Chilonga ya cire ciyawar kabari. A hanya yakan ba kujerar gefe labarin layin motoci a iyakar Nakonde da tsadar taya, Kapenta kuma ba ta taɓa kai maganar waje ba.

Ya wajaba a faɗa, domin wanke sunanta, cewa ba daga jikinta ciwon ajalin ya fito ba. Daga hannun mai ita ya fito. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana jan doguwar tirela cike da jan ƙarfe, hannunsa bai san ƙaramar mota ba. In zai sha kwanar hagu, sai ya fara buɗewa dama, ya tsallake farin layi, domin ya ba bayan motar wuri. A gangara yakan sa babbar giya ya yi ta rarrafe, motoci sun yi jerin gwano a bayansa. Akwai ranar da ya shiga layin sikelin manyan motoci da ita, ya kashe inji yana jiran a auna shi. A kwanar kasuwa aka fi kama shi, inda wata 'yar sanda sa'ar 'yarsa ke tsayawa.

"Bashikulu, kakanmu, ina tirelar da kake ba wa hanya? Ko a gida ka manto ta?"

Yakan biya tarar yana dariya. A lissafinsa, laifin Lahadi na Kapenta ne, bai shafi tirelar da bai taɓa ko goge mata fenti ba.

Da masu inshora suka fara neman tarihin tuƙin kowane direba, manajan kamfanin ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, abin da bai saba yi ba.

"Ba Simukonda, lasisi bai san wace mota ka hau ba. Suna ɗaya ne, lamba ɗaya. In aka sake rubuta ka, ko a kan keken ɗinki ne, sai ka ajiye makullin tirela."

Shekaru kaɗan suka rage masa ya yi ritaya, kuma bai yarda ya fita da sunan korarre ba. Ya gwada gyara hannunsa a filin ƙwallon makaranta, yana zagaya turakun raga, hannun ya ƙi. Babu kuma hanyar fita daga unguwarsu da ba ta bi ta kwanar kasuwa. Don haka ya ɗora Kapenta a kan bulo, ya lulluɓe ta da tamfol, ya gaya mata na ɗan lokaci ne. Ya koma zuwa Chilonga a bas, a matse tsakanin buhunan gawayi da baƙin fuskoki, inda dattijo ba ya iya magana shi kaɗai ba tare da an juyo an dube shi ba. Labaran hanya suka yi ta taruwa a bakinsa. Damina ta zo ta wuce, mangwaro ya nuna ya faɗo a kan tamfol, wata daminar ta sake zuwa.

A watan jiya ya yi ritaya da sunansa fes, aka ba shi agogon bango. Ya sayi sabon batir, ya sauke ta daga bulo, ya sa rigar Lahadi, ya murɗa makulli. Bai ji tari ba. Bakanike Ba Chibesa ya duba ya ce inji ya kame, ɓeraye sun cinye wayoyi, tsatsa ta huda ƙasa. Ya ƙara da cewa mota kamar tsoho take, ba tafiya ke kashe ta ba, zaman kaɗaici ne. 

Marigayiya ta bar mai ita. Ta bar Lwiza a Kitwe, wadda ta yi ta'aziyya ta waya ta ce dama lokaci ya yi. Ta bar safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da laimar Ba Eneless a cikin but, da lasisi mai tsabta wanda ba shi da abin tuƙawa. Yayarta tirela tana hannun wani direba yanzu, takan ratsa Mpika ba ta ko danna hon.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a tura ta da hannu daga gida zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan kasuwa. Ba a buƙatar furanni, kafaɗu ake nema, ko da biyu ne. Simukonda da kansa zai riƙe sitiyari, laimar tana kujerar gefe. Ana roƙon masu rakiya, idan an iso kwanar kasuwa, su kauce daga hannun dama su bar fili sosai, domin zai sha kwanar yadda hannunsa ya sani. An sanar da 'yar sanda. Tana iya rubutawa, babu sauran makullin da za a karɓa.