Dutsen Wasa Wuƙar Baba

Duk abin da zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da layyata ta farko a gidan surukaina a unguwar Al-Sih ta Madina ba. Lokacin ina sabuwar amarya, ga rawar kai, komai na gani sai na gyara.

Ina kwalimar kicin wata rana na ci karo da wani baƙin dutse a bayan tukwane, naɗe cikin tsumma. Dogo ne, cikinsa ya lotsa, gefe ɗaya sumul, ɗayan da ɗan kaushi. Na ce oh, wa ya kawo dutsen goge ƙafa cikin abinci? Na ɗauke shi na kai banɗaki. (Ni kuwa Allah ya yi ni da faso, zafin Madina ba ya raga wa dugadugina.) Wallahi ban taɓa samun magogi irinsa ba. Kullum sai na zauna na dirji ƙafata har ina waƙa.

Ranar Sallah an dawo daga idi, ga rago a ɗaure, sai Baba, mahaifin maigidana, ya ce a miƙo masa dutsen wasa wuƙa. Hajiya, surukata, ta birkice kicin, babu.

Nan na fara jin tarihinsa. Ashe kakan Baba ne ya taso da shi tun daga ƙasar Katsina, a ƙafa, ya ratsa Sudan yana fawa a hanya don ya samu guzuri. Wuƙaƙen da na maƙera ne, baƙin ƙarfe, da sun sha ruwa sai tsatsa. Gefe mai kaushi a fitar da kaifi, mai sumul ɗin a sa toka a goge har ta yi ƙyalli. Tun daga lokacin ba a taɓa yanka layya a gidan ba sai an bi ta kansa.

Ina jin "baƙi, mai lotsattsen ciki", na gane dutsen ƙafata ake nufi.

Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, na gane. Ƙanena na unguwar Uhudu ne, ya ara bara. Dama ya daɗe yana cewa shi ya fi cancanta da shi. Ku ba ni waya, yau zai ji abin da bai taɓa ji ba!"

Ya fara juya lamba. To ina zan bari 'yan'uwa su ɓata ranar Sallah saboda dugadugina? Na ruga na ɗauko shi, jiƙe sharkaf, kumfar sabulu na ɗiga, na durƙusa.

"Baba, ga shi."

"Daga ina?"

"Banɗaki... ƙafa nake gogewa."

Maigidana ya kafa wa rago ido kamar yau ya fara ganin dabba. Baba ya ajiye wayar, ya juya dutsen, ya shafa shi.

"Ya binti, 'yata, yana dai aiki?"

Na ce, "Sosai, Baba." (Bakin nan nawa!)

Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Allah sarki kakanmu! Ya iso garin nan ƙafa duk ta tsattsage, ashe maganin na cikin jakarsa!"

Hajiya ta wanke shi tas, aka wasa wuƙa, aka yi yanka. Da yamma ta turo min sabon dutsen ƙafa, da saƙon cewa wannan ba shi da kaka.

Tun ranar, ko muciya na gani a gidan tsofaffi, sai na tambayi asalinta kafin na taɓa.